Shafin rancen ɗalibai ya ƙi buɗewa: yadda ake gano inda matsalar take

Tun ranar 24 ga Mayun 2024 da NELFUND, asusun ba ɗaliban Najeriya rance, ya buɗe shafinsa na neman rancen karatu, ƙorafin da ake yawan ji a bakin ɗalibai shi ne "shafin ba ya aiki". Wani lokaci haka ne, cunkoso ne ya danne shi. Amma sau da yawa ba nan gizo ke saƙar ba. Tsakanin yatsanka da kwamfutocin hukumar akwai wayarka, akwai burauzar da ka buɗe shafin da ita, akwai layin da ke ɗauke da datar, sannan akwai bayananka da ke ajiye a makaranta da JAMB da NIMC (hukumar katin ɗan ƙasa) da banki. Kowanne yana da alamar da yake nunawa idan shi ne da laifi. Wanda ya iya karanta alamar zai gyara abinsa a minti biyar, wanda bai iya ba kuwa zai yi ta danna maɓalli har a kulle masa asusu, ko ya miƙa kalmar sirrinsa ga wani da sunan taimako. Abin da ke ƙasa ya shafi shafin kowane mai ba da rance, banki ne ko ƙaramin bankin unguwa, na dai ɗauki na ɗalibai ne misali.

Ka fara tabbatar da inda kake

Adireshin hukumar shi ne nelf.gov.ng, kuma wurin shiga asusu yana ƙarƙashinsa. Rubuta shi da hannunka a saman burauza, sannan ka adana shi cikin alamominta don kada ka sake nema. Kada ka bi mahaɗin da aka turo a guruf ɗin WhatsApp, kada kuma ka dogara da sakamakon farko na binciken Google, domin na sama-sama yakan zama talla ce da kowa zai iya biya a ɗora masa.

Adireshi daga dama ake karanta shi. Nemi layin karkace na farko da ya biyo bayan sunan, ka duba abin da ke gabansa daf. Idan ka ga nelf.gov.ng a nan, kana gida, domin .gov.ng na hukumomin gwamnati ne kaɗai. Idan kuwa ka ga wani abu kamar nelf.gov.ng.wani-suna.com, to mai shafin shi ne wani-suna.com, sauran duk ado ne aka liƙa don a ruɗe ka. Alamar kwaɗo da aka daɗe ana ce wa mutane su duba ba ta isa shaida ba. Ma'anarta kawai ita ce an lulluɓe abin da ke wucewa tsakaninka da shafin, ba ta ce mai shafin mutumin kirki ne ba, kuma ɓarawo ma yana samun ta kyauta. Saboda wannan ruɗanin ne ma Chrome ya cire hoton kwaɗon a shekarar 2023 ya sa wata alama ta daban. Neman wannan rance ba a biyan ko sisi, duk shafin da ya nemi kuɗin rajista ka rufe shi.

Burauzar da kake amfani da ita

A ganina wannan ne babban abin da ke kayar da masu nema da waya. Opera Mini ana son ta ne don tana rage cin data, kuma yadda take yin hakan shi ne matsalar. Idan tana yanayin matsanancin tsimi, ba wayarka ce ke buɗe shafin ba. Kwamfutocin kamfanin Opera ne ke buɗe shi a can, su matse shi, su aiko maka da sauƙaƙaƙƙen kwafi. Don karanta labarai wannan ya wadatar. Amma shafin rance yana aiki ne da ƙananan umarnin JavaScript da dole su gudana a cikin wayarka: su ne ke zazzago jerin makarantu idan ka taɓa akwatin zaɓi, su ne ke duba ko lambar NIN ta cika 11, su ne ke kunna maɓallin ci gaba. Shi ya sa za ka ga akwatin makarantu fayau, ko ka yi ta danna maɓalli ba ya motsi.

Haka ma idan ka taɓa mahaɗi a cikin Facebook ko Instagram, wata 'yar burauza ce ta cikin manhajar ke buɗe shi, kuma takan kasa ɗora takardu ko riƙe shigarka. Yi amfani da Chrome ko Firefox ko Edge, ko Safari ga masu iPhone, ka kuma shiga Play Store ka sabunta ta kafin ka fara. Idan kana da VPN ko irin manhajojin nan na samun data kyauta, kashe su. Suna bi da kai ta wata ƙasa, shafin ya ga kamar daga Turai ake ƙoƙarin shiga asusun ɗalibin Najeriya, tsaronsa ya tare ka. Ban da haka, duk bayananka ta hannun wanda ba ka sani ba suke bi.

Jan gargaɗin nan

Shafi fari ko ja mai cewa "Your connection is not private" yana tsorata mutane, wasu kuma sun saba danna Advanced su wuce abinsu. A shafin da za ka rubuta BVN da kalmar sirri, kada ka taɓa wucewa. Duba ƙananan rubutun da ke ƙasan gargaɗin, a nan dalilin yake.

Idan an rubuta ERR_CERT_DATE_INVALID, ko aka ce agogonka yana baya ko yana gaba, fara da agogon wayarka. Kowane shafi mai tsaro yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, burauza kuma da agogon na'urarka take auna ta. Wayar da aka cire wa batir, ko ta mutu ta daɗe babu caji, takan koma wata tsohuwar shekara, sai takardar ta zama kamar ba ta fara aiki ba tukuna. Shiga Settings, ka nemi Date and time, ka kunna saitin kai-tsaye na lokaci da na yanki. Najeriya da Nijar duk awa ɗaya suke gaban GMT. A kwamfutar tebur, idan kullum aka ɗauke wuta sai agogo ya koma baya, ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke kan allon cikinta ne ya mutu. Lambarsa CR2032, ana samunsa wurin masu gyaran agogo da masu kayan kwamfuta. Idan agogonka daidai yake amma saƙon bai tafi ba, takardar shafin ce ta ƙare, kuma gyaran na masu shafin ne, sai ka jira.

Wani dalilin da ba a cika lura da shi ba shi ne ƙarewar data. Idan datarka ta ƙare, kamfanin layi yakan yi ƙoƙarin karkatar da kai zuwa shafinsa na sayen sabuwar data. Burauza ta nemi shafin hukuma, sai wani ya amsa da takardar da ba tasa ba, dole ta yi kuka. Haka Wi-Fi na makaranta ko otal da ke neman a shiga da lamba tukuna. Ka kuma tuna cewa datar da aka keɓe don WhatsApp ko Facebook ba ta buɗe sauran shafuka, ko da waya tana nuna akwai sabis.

Sai tsufan na'ura. Burauza tana yarda da takardar shafi ne idan ta fito daga hannun wata cibiya da ke cikin jerin da na'urar ta sani. Let's Encrypt, wadda ke ba shafuka masu ɗimbin yawa takarda, ta sanar cewa daga 2024 wayoyi masu Android 7.0 zuwa ƙasa ba za su ƙara gane takardunta ba. Chrome ya tsaya a siga ta 109 a kan Windows 7 da 8.1 tun farkon 2023, Internet Explorer kuma Microsoft ta yi masa ritaya a watan Yunin 2022. Kafe na intanet da yawa har yanzu da irin waɗannan kwamfutoci suke aiki. Wannan ba ya gyaruwa da goge-goge. Ari wayar ɗan'uwa da ta fi sabunta, ka shiga ta shafin ɓoye (Incognito, bayaninsa na tafe), ka fita idan ka gama.

Kukis da tarkacen da burauza ke ajiyewa

Idan ka shiga asusu, shafin yana ajiye wata 'yar alama a burauzarka da ake kira kuki. Kamar katin da maigadi ke ba baƙo ne a bakin ƙofa, duk ɗakin da ka shiga shi za a duba. Katin yana da wa'adi, shi ya sa idan ka bar fom a buɗe ka tafi salla ko cin abinci, ka dawo ka danna tura, sai a ce "session expired" ko a mayar da kai farko. Wannan tsaro ne, an yi shi don wanda ya tsinci wayarka. Maganinsa ka tanadi komai kafin ka zauna: lambar JAMB, lambar shiga makaranta, NIN, BVN, lambar asusun banki mai lamba 10, da hotunan takardu. Wanda ya manta BVN ya danna *565*0#, wanda ya manta NIN ya danna *346#, duka daga layin da ya yi rajistar da shi, kuma ana cirar ɗan kuɗi kaɗan.

Matsala tana zuwa ne idan tsohon kati ya maƙale. Alamarsa: ka sa imel da kalmar sirri daidai, shafin ya juya ya dawo da kai wurin shiga ba tare da ya ce komai ba, ko ka ga ERR_TOO_MANY_REDIRECTS. Akwai kuma ma'ajiyar wucin-gadi, inda burauza ke adana guntayen shafi don kada ta sake sauke su. Idan hukuma ta sabunta shafinta, burauzarka takan haɗa sabon gini da tsoffin guntaye, sai ka ga fari fat, ko da'ira tana ta juyawa.

Kafin ka goge komai, yi gwaji mai sauƙi. Buɗe shafin ɓoye: a waya taɓa ɗigo uku na saman Chrome ka zaɓi New Incognito tab, a kwamfuta danna Ctrl da Shift da N. Shafin ɓoye yana farawa ne babu tsoffin kukis, kuma yawanci ƙarin manhajojin da aka liƙa wa burauza ba sa aiki a cikinsa. Idan abu ya yi aiki a nan, ka kama ɓarawon. Koma burauza ta yau da kullum, ka taɓa alamar da ke gefen adireshi, ka shiga wurin kukis da bayanan shafi, ka goge na wannan shafin kaɗai. Na fi son wannan a kan goge komai gaba ɗaya, domin goge duka zai fitar da kai daga sauran asusunka, kuma mutane da yawa ba su riƙe kalmar sirrin imel ɗinsu ba. Idan dole sai an yi babbar shara, Ctrl da Shift da Delete ke buɗe wurin. Zaɓi kukis da hotunan da aka adana, ka tabbata ba ka sa alama a kan kalmomin sirri ba. A kwamfuta Ctrl da F5 yana tilasta wa burauza sauko da sabon shafi, wani lokaci shi kaɗai ya isa.

Idan ka danna buga takarda ko rasit babu abin da ya fito, burauza ce ta tare sabuwar taga. Cikin Settings, ƙarƙashin Site settings, akwai Pop-ups and redirects, sai ka ba wannan shafin izini. A wurin ne kuma za ka tabbatar JavaScript a kunne yake.

Kalmar sirri da lambar OTP

Idan aka ce kalmar sirri ba daidai ba, tsaya bayan gwaji na biyu. Shafukan kuɗi suna kulle asusu ko su dakatar da kai na wani lokaci idan kuskure ya yi yawa. Taɓa alamar ido da ke gefen akwatin ka ga abin da ka rubuta da idonka. Allon rubutu na waya yakan mayar da harafin farko babba, kuma idan ka zaɓi imel ɗinka daga shawarar da yake kawowa yakan ƙara fili a ƙarshe wanda ba a gani. Idan ka taɓa canza kalmar sirri, burauza takan ci gaba da cika tsohuwar da kanta, sai ka share ka rubuta sabuwar da hannu.

Saƙon tabbatarwa mai lambar OTP, wato lambar da ake amfani da ita sau ɗaya, da bai iso imel ba, duba Spam da Promotions. Duba kuma ko akwatin ya cika: Gmail gigabait 15 yake bayarwa kyauta, shi da hotuna da Drive suke rabawa, kuma idan ya cika sababbin saƙonni ba sa shiga. Kada ka yi ta danna sake turawa. Kowace sabuwar lamba takan kashe ta baya, sai saƙonni uku su iso a tare ka rasa wacce ke da rai. Jira minti biyu zuwa uku, idan sun zo da yawa ka ɗauki ta ƙarshe.

Akwai wata matsala ta ƙananan wayoyi masu RAM gigabait 1 ko 2. Ka fita daga burauza don karanta OTP, kafin ka dawo wayar ta rufe shafin don ta samu sarari, sai ya sake lodawa daga farko. Kada ka fita. Jawo labulen sanarwa daga sama ka karanta lambar a nan, ko ka buɗe imel ɗin a wata wayar. Rufe sauran manhajoji kafin ka fara yana taimakawa sosai.

Lambar OTP kuwa taka ce kai kaɗai. Babu ma'aikacin hukuma ko na banki da aikinsa ke buƙatar ka karanto masa ita a waya.

Ɗora takardu

Shafin yakan rubuta irin fayil da girman da yake karɓa a kusa da akwatin, karanta shi. Kyamarar wayoyin yanzu tana fitar da hoto mai megabait uku zuwa sama, wanda kan wuce iyaka, kuma a kan layi mai rauni yakan yanke a tsakiya. Hanya mai sauƙi ta rage nauyi ita ce ka tura wa kanka hoton a WhatsApp a matsayin hoto, ka sauke wanda ya iso, domin manhajar tana matse shi. Buɗe shi ka tabbata suna da lambobi suna karantuwa. Ka guji shafukan matse fayil da ba ka sani ba, takardar shaidarka kake miƙa musu. Masu iPhone su sani wayarsu tana adana hoto a tsarin HEIC wanda shafuka da dama ba sa karɓa. A Settings, ƙarƙashin Camera da Formats, zaɓi Most Compatible ka sake ɗauka. Sunan fayil ya zama gajere, haruffa da lambobi kawai. Canza ƙarshen suna daga jpg zuwa pdf da hannu ba ya mayar da hoto PDF, sai dai ya sa ya ƙi buɗewa.

Idan ka danna tura, danna sau ɗaya, kada ka koma baya, kada ka sabunta shafin. In ya tsaya cak, jira kamar minti biyu, ka buɗe sabon shafi ka shiga asusunka ka duba ko buƙatar ta shiga. Wannan ya fi muhimmanci ranar biyan bashi a shafin kowane mai ba da rance, domin danna sau biyu na iya jawo cirar kuɗi sau biyu. Ɗauki hoton fuskar waya mai nuna lambar shaidar biya kafin ka rufe.

Lokacin da laifin ba naka ba ne

Lambobin kuskure da shafi kan nuna masu farawa da 5, wato 500 da 502 da 503 da 504, daga can suke: kwamfutar hukuma ta gaji ko ana gyara. Goge kukis ba zai yi komai ba, sai dai ka dawo da asuba ko cikin dare lokacin da jama'a suka ragu. 404 na nufin shafin da ka nema babu shi, yawanci tsohon mahaɗi ne, koma babban shafi ka bi daga can. 429 na cewa ka yi ta bugawa da yawa, ka huta. 403 an hana ka shiga ne, duba VPN. 413 fayil ne ya yi nauyi.

Hanya mafi sauri ta raba gardama ita ce canza abu ɗaya a lokaci guda. Gwada wata burauza a wayar. Idan bai yi ba, canza layi, daga wannan sim zuwa wancan ko daga Wi-Fi zuwa data. Idan bai yi ba, gwada wata wayar. Idan asusun abokinka yana buɗewa a wayarka amma naka ya ƙi a ko'ina, to ba burauza ba ce, bayananka ne.

Wannan rukunin shi ya fi cin rai. NELFUND tana tantance ɗalibi ne da bayanan da makarantarsa ta ɗora mata. Idan makaranta ba ta ɗora sunanka ba, ko an yi kuskure a lambar shigarka ko ta JAMB, shafin zai ce bai same ka ba ko da sabuwar kwamfuta ka zo. Gyaran yana ofishin da ke kula da wannan aiki a makarantarku, yawanci sashen kwamfuta ko na harkokin ɗalibai. Sai saɓanin suna, wanda ya yi mana yawa: Muhammad a NIN, Mohammed a BVN, Muhammed a JAMB, ko A'isha da Aishatu, ko an sa sunan gari a wata takarda an bar shi a wata, ko ranar haihuwa ta bambanta. Kwamfuta ba ta san duk mutum ɗaya ba ne. Gyaran NIN na NIMC ne, na BVN kuma sai an je banki. Asusun bankin da za ka bayar ya zama naka, da sunanka, domin kuɗin makaranta kai-tsaye ake tura wa makaranta, kuɗin hidima na naira dubu 20 a wata kuma cikin asusun ɗalibi yake shiga.

Wanda dole sai ya je kafe, ya zauna da kansa a gaban kwamfutar, ya rubuta kalmar sirrinsa da hannunsa, ya yi amfani da imel ɗinsa ba na mai kafe ba. Wannan bashi ne da sunanka, za a fara biyansa shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin ɗari na albashi, don haka asusun zai daɗe tare da kai, kuma duk mai riƙe da imel ɗin shi ke iya canza kalmar sirri. Idan burauza ta tambaya ko ta adana kalmar, ka ce a'a. Da ka gama danna Log out, rufe taga kaɗai ba fita ba ne. Goge takardunka daga Downloads da kwandon shara, ka canza kalmar sirri a wayarka idan ka koma gida.

In duk wannan bai warware ba, rubuta wa masu shafin ta hanyar tuntuɓar da ke kan shafinsu na ainihi, ba ta lambar da wani ya liƙa a ƙarƙashin wani rubutu ba. Faɗi sunan makarantarka, matakin da ka tsaya, ainihin kalmomin saƙon kuskuren, rana da lokaci, irin waya da burauza, da abin da ka riga ka gwada. Haɗa da hoton fuskar wayar, amma ka rufe BVN da NIN da ke jikinsa, kuma kada ka sa kalmar sirri a cikin wasiƙar.